Shekara shida ina jin rabin kiɗa

A 1976 na yi wata sata da har yau na kasa yin nadamarta. Ina aji biyu a sakandare, ina zaune a Kakuri, Kaduna, wurin kawuna ƙanin mahaifiyata. Kawu ma'aikacin masaƙa ne. An taɓa tura shi kwas Manchester, ya dawo da wata kwat mai kauri da bai taɓa samun sanyin da zai sa ta ba, da garmaho mai lasifika biyu, da akwatin faya-fayai da ya saya gwanjo a hannun wani ɗalibi da zai bar gari. A cikin akwatin nan kaf Jim Reeves kaɗai yake sawa. Sauran suna nan jere cikin kwalayensu, kuma doka ce a gidan: duk wanda ya taɓa garmahon nan, ya haɗa komatsansa ya koma Kano.

Ranar da Kawu ke aikin dare na aro rikodar wani abokina, na sayi kaset sabo da kuɗin tarata na kwana huɗu. Na jira har matar Kawu ta kashe fitila, na lallaɓa falo, na zare wayoyin lasifikun don kada ƙara ta tona min asiri. Faifan da na zaɓa, don hoton bayansa kawai na zaɓe shi: samari huɗu masu gashi kamar na mata, fuskokinsu a miƙe kamar an ja su. An rubuta Rubber Soul. Ban ma san sunan masu shi Beatles ba sai da na karanta a jikin faifan.

A bayan garmahon akwai ramuka biyu, ɗaya ja ɗaya fari. Rikodar kuwa rami ɗaya gare ta. Na tsaya ina wasiwasi, sai na ce ai duk kanwar ja ce. Na soke waya a jan, na ƙyale farin. Na ɗora allura, na danna maɓalli, na zauna cikin duhu ba abin da nake ji sai ɗan tsiririn sautin da allurar kanta ke yi a kan faifai, kamar kukan sauro a ɗaki na gaba.

Washegari a bayan aji muka kunna. Muryoyi ne suka fito, garau, biyu wani lokaci uku a tare, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Jefi-jefi jita ta leƙo, ko kacau-kacau ta motsa. Ganga kuwa sai can nesa kamar a wata unguwa ake bikin. Abokaina suka yi dariya suka yanke hukunci nan take: Turawa ba su iya kiɗa ba. Mu da muka tashi cikin kalangu, wa zai zauna jin waƙar da ba ta da ƙugu? Ni ma na yarda da su, amma kaset ɗin bai bar hannuna ba. Muryoyin ne suka kama ni. Har numfashin da suke ja kafin su shiga baiti nakan ji. Ban san ma'anar rabin abin da suke faɗa ba, amma na haddace shi tas.

Da na je hutu Kano mahaifina ya kama ni ina ji a ɗakin ƙofar gida. Mutum ne da ba ya wasa da zancen kiɗa. Ya tsaya ya saurara na ɗan lokaci, ya ce, "To, tunda dai babu ganga, da sauƙi." Ya wuce masallaci.

Kawu ya rasu a 1982, Allah ya jiƙansa. Lokacin na gama makaranta ina koyon gyaran rediyo a Sabon Gari. Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalli akwatin faya-fayan, aka ce a ba mai gyaran rediyo. Garmahon ya daɗe bai yi aiki ba. Na canja masa bel, na samo allura, na goge shi da sifirit. Wani dare bayan maigidana ya tashi, na rufe shago ta ciki, na haɗa lasifikun biyu, na ɗauko tsohon abokina.

Waƙar farko na tashi na ji wani abu ya doke ni a ƙirji daga lasifikar hagu. Ganga ce, da jita mai kaurin murya tana tafiya a ƙarƙashinta kamar ingarma. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Waƙoƙin da na haddace tun ina yaro, ashe ta taga nake ganinsu, kai da kafaɗa kawai, yau mutumin ya fito waje na ga tsawonsa. Na cire wayar hagu, sai ga kaset ɗina na Kakuri ya dawo. Na mayar, duniya ta cika. Na yi ta yin haka kamar taɓaɓɓe har mai gadin layin ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Dalilin abin ban gane shi ba sai bayan na sami aiki a wani gidan rediyo a 1984, a sashen injiniyoyi. A can na haɗu da dattijon da muke kira Baba Injiniya, wanda ya yi horo a Landan tun muna cikin zani. Shi ya bayyana mini cewa a 1965, lokacin da aka yi faifan nan, yawancin gidajen Ingila garmaho mai lasifika ɗaya gare su. Haɗin mono shi ne na gaske, shi ake ɓata wa lokaci. Na sitiriyo kuwa na 'yan ƙalilan masu hali ne, aka raba shi gida biyu, muryoyi akasari a dama, yawancin kiɗa a hagu. Jan rami shi ne dama. Da farin na soka a daren nan, da na tashi ina zaton Beatles makaɗa ne da ba su da mawaƙi.

Aikin farko da Baba ya koya mini shi ne yankan tef. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Zaren ɗaukar murya ne a naɗe a faranti biyu, yana wucewa ta kan na'ura inci bakwai da rabi a kowace daƙiƙa. Idan babban mutum ya yi jawabi ya yi tari a tsakiya, ko ya yi tuntuɓen harshe, aikinka ne ka cire. Za ka tsayar da inji, ka riƙe farantan da hannu biyu kana murzawa gaba da baya, muryar tana gurnani kamar ta raƙumi, har ka gano daidai inda tarin ya fara. Ka yi alama da farin fensir, ka nemo ƙarshensa, ka kwantar da zaren a kan ƙarfen yanka, ka sa reza a karkace, ka haɗa bakin biyu da farin salatef. Guntun da ka cire ka rataya a wuya, ko da za a ce a mayar. Zamanin soja ne. Ranar da na yanke wa wani babba kalmar "ba" a cikin jawabi, saura ƙiris maganarsa ta juye, sai da muka yi rarrafe ni da Baba muna neman guntun zaren da bai kai tsawon ɗan yatsa ba a ƙarƙashin tebur.

Bayan na yi kamar shekara ina wannan, wata rana na kawo wani faifan Beatles mai suna Sgt. Pepper daga akwatin Kawu don in gwada wani sabon inji. Baba ya ja kujera. Da aka kai tsakiya ya ce, "Yaro, layi nawa kake jin aka yi wannan da shi?"

Na ce, "Baba, ai ya kai ashirin."

Ya ɗaga yatsu huɗu.

Na ce ba zai yiwu ba. Ga ganguna, ga jita, ga fiyano, ga kakaki irin nasu, ga goge, ga muryoyi bisa muryoyi. Ya ce in zauna. Injin da suke da shi a situdiyon Abbey Road a 1967 layi huɗu yake ɗauka, wato sauti huɗu daban-daban a zare ɗaya. Idan sun cika huɗun, sai su haɗe su su juye a layi ɗaya ko biyu na wani injin, su sami fili su ƙara wasu kayan, in ya cika su sake juyewa. Kowane juyi yana ƙara ɗan huci a cikin sautin, don haka ba za ka yi ta yi ba iyaka. Abin da ya fi wannan tsanani, duk abin da ka haɗe ya haɗu ke nan har abada. In ka gano daga baya cewa ganga ta yi ƙasa, sai haƙuri, ko a koma farko. George Martin, mai shirya musu faya-fayai, da injiniyansa Geoff Emerick, wanda lokacin bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba, sai sun ji waƙar da ba a gama ba a cikin kansu kafin su yanke shawarar yau.

Ni da na san yadda hannu ke rawa in an ɗora reza a kan zaren da ba shi da kwafi, wannan magana ta shige ni. Baba ya sa na mayar da allura ƙarshen faifan, inda makaɗa arba'in ke hawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa kowa da tafiyarsa, sannan a doki fiyano uku lokaci guda. Ya ce in rufe ido. Sautin yana mutuwa, su kuma a ɗakin inji suna ta ƙara masa ƙarfi a hankali don kada ya ɓace, har ya kai kusan daƙiƙa arba'in. Can wajen ƙarshe makirfon ya buɗe sosai, har motsin ɗakin kana ji, wani abu kamar kujera ya yi ƙara. Na sha jin wurin nan a da, ina ɗauka ƙurar faifai ce. Ashe mutane ne zaune sun ƙi numfashi.

Ya kuma gaya mini cewa tun watan Agusta 1966 suka daina yawon wasa a gaban jama'a, don ihun 'yan kallo ya hana su jin kansu. Da suka shige situdiyo, sai suka yi abin da ba a yi shi don a maimaita a dandali ba. Shekara huɗu kafin Sgt. Pepper, ran 11 ga Fabrairu 1963, waƙa goma suka ɗauka a yini guda a injin layi biyu. Gaskiya ni har gobe Rubber Soul ya fi mini Sgt. Pepper daɗi, akwai waƙoƙi biyu ko uku a cikinsa da nake tsallakewa ba kunya. Amma tun ranar ban sake jin sa a matsayin hayaniyar 'yan gata ba.

Baba ya yi aiki a Legas kafin ya dawo Arewa, kuma yakan yi dariya in ya tuna cewa Paul McCartney na Beatles da kansa ya zo situdiyon EMI na Apapa a 1973, ya tarar da injin layi takwas, 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka tafi da kasakasan gwajin waƙoƙinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka. Duk da haka a nan aka yi yawancin Band on the Run. Wannan faifan ba ya cikin akwatin Kawu, sai daga baya na same shi.

Wanda yake ciki, kuma na daɗe ina wulaƙanta shi, shi ne na Led Zeppelin na 1971, wanda ko suna babu a jikinsa, sai hoton wani tsoho da damin itace a baya. Ƙara ce kawai a kunnena. Abin da ya sauya ni tafiya ce da aka tura ni wani ƙauye ɗauko kiɗan sallah. Ni kaɗai, da rikodar Uher a kafaɗa da makirfo ɗaya. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa, duk abin da na ɗauka a fili sai fuuu. Dagacin ya ce mu shiga zaurensa. Tsohon gini ne na ƙasa mai daurin guga, rufinsa can sama. Makaɗan suka jeru, na kai makirfo bakin gangar kamar yadda aka koya mini, na saurara: tim, tim, kamar ana dukan buhu. Sai na fara ja da baya. Taku uku, taku biyar. Da na kai bakin ƙofar ciki na ɗaga makirfon sama da kaina, sai gangar ta zama wata aba daban. Dukan ya tashi ya bugi rufi ya dawo, ɗakin kansa ya shiga cikin kiɗan. Babban makaɗin ya ji abin da na ɗauka, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ita ce gangata. Ta rediyo da kuke sawa ban san ta ba."

Da na kunna wa Baba, bai ce komai ba, ya ce gobe in zo da faifan tsoho mai itace. Ya sa waƙar ƙarshe. A wani tsohon gida mai suna Headley Grange aka ɗauke ta, a Hampshire ta Ingila. An ajiye gangunan John Bonham a farfajiyar shiga gidan, inda matakala ke hawa sama, injiniya Andy Johns ya rataye makirfo biyu a can bisa matakalar, wayoyi suka fita zuwa motar ɗaukar sauti da ke waje. Sun ƙara da na'urar amsa-kuwwa, sun matse sautin, ba ɗakin kaɗai ya yi aikin ba. Amma ina jin dukan farko na gane zauren dagaci. Waƙar kanta ba tasu ba ce tun asali. Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy, baƙaƙen Amurka, suka fara yin ta a 1929, kan ambaliyar kogin Misisifi ta 1927, lokacin da shingayen ruwa suka ɓalle. Wannan bayani ya zauna a kaina a matsayin labari kawai, sai a daminar 1988 da madatsar Bagauda ta fashe, muka kwana muna karanta sanarwa. Da na sake sa waƙar bayan nan, nauyin gangar ya daina yi mini kama da burga.

Akwai dare ɗaya da ba na mantawa. Bayan an rufe tasha ina ɗakin inji ni kaɗai, na sa Band of Gypsys na Jimi Hendrix, waƙar nan mai tsawon minti goma sha biyu da ake kira Machine Gun. Ina jin ta ne don mamakin yadda mutum ɗaya ke fitar da wannan kuka daga jita. Mai gadinmu, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, ya shigo da butar shayi kamar yadda ya saba. Ya ajiye butar bai zuba ba. Mai ganga na yin ta-ta-ta-ta, jitar na shewa daga sama tana faɗowa. Ya tsaya a bakin ƙofa har wajen minti biyar.

Ya ce, "Ɗana, wannan mutumin ya je bakin daga?"

Na ce, "Baba, ya yi soja, na masu saukar lema, amma an sallame shi tun 1962. Bai je Biyetnam ba."

Ya ce, "To ya zauna da wanda ya je." Ya yi shiru. "Harbin kowa zai iya kwaikwaya. Wancan da ke biyo baya, shi ne."

Sai ya ce in kashe. Na kashe. Ya zuba shayin, hannunsa na ɗan rawa, ya fita bai sha nasa ba. Daga baya na duba bayan kwalin: a wani zauren wasa na New York aka ɗauke ta, ran 1 ga Janairu 1970, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam ana kwasar samari aikin soja dole. Mako biyu bayan nan namu yaƙin ya ƙare. Ban sake sa waƙar a wurin aiki ba, kuma ko a gida sai na shirya.

Yanzu na yi ritaya. Autana yana haɗa kiɗa a kwamfuta, yana yi wa masu waƙoƙin fim da na biki. Layukansa ba su da iyaka, in ya yi kuskure maɓalli ɗaya zai danna abin ya koma yadda yake. Ba na raina aikinsa, kunnensa ya fi nawa kaifi a wasu wurare, ko da yake nakan ce masa waƙar da ba a taɓa tilasta mata yanke shawara ba takan yi ta yawo. Shi kuma ya ce tsufa ne.

Kwanaki na gan shi da abokinsa sun raba abin saƙalawa a kunne, kowa da ɗaya, na ce su nemo mini Rubber Soul a wayar. Na karɓi na daman na sa. Ga murya, ga ganga, duk suna nan. Ashe tun 1987, da za a fitar da shi a faifan CD, George Martin ya sake haɗa shi ya matso da muryoyin tsakiya. Kuskuren da na yi a Kakuri, yaron yanzu ko ya so ba zai iya yin sa da wannan haɗin ba.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin Kawu na ɗauko kaset ɗin. Takardar jikinsa ta yi ja, akwai wuri biyu da rikoda ta taɓa tauna zaren na ɗinke da salatef. Na sa a tsohuwar rediyona. Huci ya fara fitowa, sannan muryoyin, su kaɗai, da 'yar gangar nan ta wata unguwa.

Autana ya miƙe zaune. Ya ce, "Baba, wa ya cire muku kiɗan? Da wace manhaja?"

Na ce da jar waya.

Ya ce su sai sun biya kuɗi a intanet ake raba musu murya da kiɗa, kuma ba ta fita da tsabta haka. Ya roƙi in ba shi aro ya juye a kwamfuta, wai akwai abin da zai gwada ɗorawa a ƙarƙashin muryoyin. Na tambaye shi me. Ya ce kalangu.

Na zare kaset ɗin, na ga zaren ya ɗan saki. Na ce ya miƙo mini biro. Ya tsaya yana kallona yana jiran in yi rubutu, ni kuwa na soka shi a ramin ina murzawa har zaren ya ɗaure. Na ce ya dawo mini da shi kafin magariba, kuma kada ya bar shi cikin mota a rana.